An ce ina da suga, ga ciki wata shida

Tambaya: Salam Anti. Cikina wata shida, na je awo aka ba ni wani ruwa mai zaƙi na sha, aka ɗebi jinina har sau uku, wai suga ne da ni. Ni fa ban taɓa suga ba kuma ba na jin komai a jikina. Maigida ya ce in daina shan lemo kawai shi ke nan. Wlh na kasa barci, zai taɓa abin da ke cikina?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Rashin jin komai ɗin nan shi ne halin sugan masu ciki, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28 ko mace lafiyarta lau. Mabiyiya ce ke fitar da wasu sinadarai masu hana insulin (sinadarin jiki mai rage suga a jini) aiki sosai, to in jiki ya kasa ƙara nashi sai suga ya taru a jini.

Inda matsalar take, sugan nan yana bi ta cibiya ya isa ga yaro, shi kuma sai ya dinga yin nashi insulin ɗin yana tara kitse, har ya wuce kilo 4, mutane na ta murna wai ƙaton yaro alhali a wajen naƙuda kai zai iya fitowa kafaɗa ta maƙale, ko dole a yi aiki a ciro shi. Yana faɗowa kuma aka yanke cibiya suga ya daina zuwa amma insulin ɗinshi na nan da yawa, sai sugan jininshi ya faɗi ƙasa warwas, don haka ake so a sa shi a nono da wuri a kuma duba jininshi. Wasu jariran har da ciwon shawara ko wahalar numfashi. Ke kuma akwai hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da ruwa ya yi yawa a mahaifa.

Maganar maigida rabin gaskiya ce. Lemo kam ki bar shi, amma kayan sitaci ma suga suke komawa a jiki, ki rage su ki dinga ci kaɗan-kaɗan da ganye da nama ko ƙwai, kar ki ce za ki zauna da yunwa dan Allah. Ki ɗan taka bayan cin abinci. Ki nemi na'urar gwajin suga, yawanci ana so da safe kafin ki ci komai sugan ya zama ƙasa da 95 (a ma'aunin mg/dL). In likita ya ce ƙwayar maganin suga ta metformin ko allurar insulin kar ki tsorata, insulin ba ya tsallakawa ga yaro.

Yawanci yana tafiya bayan haihuwa, amma ki koma a sake gwaji wajen sati 6 zuwa 12, don masu irin wannan da yawa suga na dawo musu gaba. Kika ji motsin yaro ya ragu, asibiti a ranar, ba sai ranar awo ba.