Ku Tambayi Anti: Muna so mu tara wa ƙannenmu kuɗin sana'a, ta ina za mu fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni dai ƙanina ne yake da galahanga irin wadda likitoci ke ce wa Down syndrome, shekarunsa 26, tunda ya bar makaranta yake zaune a gida sai dai a aike shi shago ya dawo, kuma wallahi ya fi ni iya guga. To mu da yawa ne masu irin wannan a gida, muna da guruf a WhatsApp, shine muka ce mu tara kuɗi mu yi musu wani abu tunda iyayenmu tsufa suke yi, ranar da babu su wa zai riƙe su? Sai wata a cikinmu tace mu ɗauki bidiyonsu mu saka a TikTok da Facebook da lambar akawun wai yanzu haka ake samun taimako. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Dan Allah ya kike gani?

Ƙanwarki daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka muku da alheri. Hankalinki da bai kwanta ba ki bi shi. Bidiyon zai iya kawo kuɗi ban musa ba, sati ɗaya alat na ta shigowa, daga nan wani bidiyon ya fito a manta da ku, kuɗin kuma a sayi shinkafa da taliya a raba a ɗau hoto shikenan an gama. Amma bidiyon yana nan a wayoyin mutane, ƙaninki kuwa ba yaro bane, sa'o'insa na da 'ya'ya, zai fita shago yaran unguwa su dinga nuna shi suna ga na TikTok nan. Kun ma tambaye su ko suna so?

Ni abin da ya tsaya min a wasiƙarki gugar nan ce. Kin faɗe ta kamar wasa alhali ita ce jarin. In za ku roƙi mutane kuɗi ku roƙa don shagon wanki da guga, ku rubuta komai a takarda ɗaya, hayar shago ta shekara, tebura, dutsen guga na gawayi tunda wutar nan ba abin dogaro bace, bokitai, omo, ledar saka kaya. Sai babban abin da kowa ke mantawa, albashin wanda zai tsaya da su kullum, mutum mai haƙuri da zai nuna abu sau goma bai ɗaga murya ba. Masu irin wannan lalura da maimaici suke koyo, a raba aikin gaɓa-gaɓa, yau kwalar riga gobe hannu, a manna hotuna a bango maimakon rubutu, in abu ya zauna musu kuwa zaki sha mamakin yadda ba sa ha'inci a aiki. Lissafin canji in yana ba su wahala a ajiye POS. Kuma a biya su ladansu a hannunsu duk ƙarshen sati, ba a miƙa wa Mama ba, ya je da kansa ya sai turarensa ko katin waya.

Kar dai ku tura kowa guga. In a cikin ƙannenku akwai mai otizim, wato lalurar da ke sa magana da cuɗanya da mutane su yi wa mutum wuya, wani ba ya jure hayaniya, ƙarar injin markaɗe kaɗai ta isa ta birkita masa yini, shi wataƙila kiwon kaji ko ƙulla gishiri da sukari a leda ya fi masa. Ku zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya.

Maganar tara kuɗin kuma, ni ban cika son taron ƙaddamar da gidauniya ba, a kama hol a kira babban baƙo ya yi alkawarin miliyan a lasifika, ku yi wata shida kuna sintiri ƙofar gidansa. Gara mutum hamsin da za su dinga ba da kaɗan duk wata kamar zubin adashe, 'yan uwa, maƙwabta, 'yan kasuwar layinku, don albashin mai kula da su wata-wata ne ba sau ɗaya ba. Ku je wajen limamin unguwa ku yi maganar zakka, waɗanda ba su da hali a cikinsu sun shiga sahun mabuƙata, ku kuma nemi mai shagon da zai bayar wakafi, wannan ya fi kuɗi a hannu nesa ba kusa ba.

Kuɗin kar ya shiga akawun ɗin mutum ɗaya ko da kuwa ke ce, nan zumunci ke lalacewa. Ku yi rijistar ƙungiya a CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, banki zai nemi takardar SCUML, wato sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, sannan a sa mutum biyu ko uku masu sa hannu. Duk ƙarshen wata a ɗau hoton rasit da abin da ya shiga da wanda ya fita a tura guruf, har wa masu ba da gudummawa.

Ku sani kuma ba alfarma kuke nema ba. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Aiki da ita dai sai a hankali, amma ku ambace ta a duk wasiƙar da za ku kai ƙaramar hukuma. A Legas akwai Down Syndrome Foundation Nigeria tun 2001 suna koyar da sana'a, ku tuntuɓe su ku ji yadda suke yi.

Ku ware wani abu na asibiti daban, masu Down syndrome suna yawan samun matsalar zuciya da ta maƙoƙo, da ji da gani, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ku a dinga duba su. In kuna son ranar buɗe shago ku saka 21 ga Maris, ita ce ranarsu ta duniya. In ma dole sai an yi bidiyo to a tambaye shi tukuna, in ya yarda a ɗauke shi yana guga, a saka adireshin shagon a ce a kawo wanki.