Filin Tambaya da Amsa: Relin Gilas, Daga Kwamfuta Zuwa Baranda

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni huɗu na ware, dukkansu a kan relin gilas ne, wanda ake sawa a baranda da matakalar bene, wanda yanzu kusan duk sabon bene da ka gani a GRA ta Bauchi ko Tumfure a Gombe sai ka tarar mai gidan ya ce shi yake so.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina zaune Gwallameji, ina koyon manhajar zanen gini ta SketchUp, na zana baranda mai tsawon mita 6 na sa mata gilas amma da na yi renda, wato na sa kwamfuta ta mai da zanen hoto mai kama da gaske, sai gilas ɗin ya fito baƙi, wani lokacin kuma ya ɓace gaba ɗaya kamar babu komai a wurin. Dan Allah ina matsalar take, laftof ɗina ne ko ni ne?

Amsa: Ƙanena ka ƙyale laftof ɗinka, ba ruwanshi. Ina da yaƙinin layi huɗu ka ja, fuska ɗaya ta fito, ka shafa mata fentin gilas ka wuce. Toh a duniya babu gilas da bai da kauri, kuma masu renda irin su V-Ray lissafin haske suke yi na gaske, hasken ya shiga ta gaba ya ɗan karkata sannan ya fita ta baya, in ka ba shi fuska ɗaya tal ya shiga kenan bai samu ƙofar fita ba, shi ya sa kake ganin abin ya rikice. Ka ɗauki Push/Pull ka ba shi kauri milimita 12. Sannan ka duba launin fuskokin kafin ka yi fenti, a SketchUp gaban fuska fari ne bayanta kuma shuɗi-shuɗi mai toka, duk inda ka ga shuɗin yana kallon waje ka juya shi. Lambar karkatar haske ta gilas wajen 1.5 ce, in ka ga wurin sa ta a manhajar rendarka ka barta a nan kar ka taɓa.

Ɓacewar kuma dalilinta daban. Ido ba gilas yake gani ba, abin da gilas ɗin ya hasko yake gani, da bakinshi. In babu sama, babu bishiya, babu ginin makwabta a zanenka, me zai hasko? Ka sa mai sama. Ka kuma lura da gefen gilas na gaske in ka je shagon masu alminiyam a Wunti, za ka ga kore-kore ne, sinadarin ƙarfe da ke cikinshi ne ke jawo haka, ka ba gefen naka wannan ɗan koren kaɗan, nan take zai fara kama da gaske.

Amma abin da ya fi damuna a saƙonka ba baƙin bane, mita 6 ɗin ne. Na san falle ɗaya ka ja daga wannan bango zuwa wancan. Gilas nauyinshi kilo 2.5 ne a kowace murabba'in mita ga kowane milimita na kauri, kaga mai kauri 12 kilo 30 kenan a murabba'in mita, naka mai tsawon mita 6 da tsayin 1.1 ya kai kilo 198. Wa zai hau da shi bene, ta wace matakala, a wace mota ma za a kawo shi bai fashe a hanya ba? Ka raba shi biyar. Ka bar tazarar milimita 20 tsakanin kowane biyu da kuma jikin bango, tazara shida kenan 120, ka cire daga milimita 6000, wato mita 6 ɗin, ka raba biyar, kowane falle ya zama 1176, nauyinshi wajen kilo 39, mutum biyu sun ɗauka cikin kwanciyar hankali. Ka zana guda ɗaya da ƙafafunshi ka mai da shi abu guda, wanda manhajar ta kira Component, sai ka kwafa sauran da Move kana danna Ctrl, in ka gyara ɗaya duk sun gyaru. Kuma kar ka bari fuskar gilas ta kwanta daidai kan fuskar ƙarfen da ya riƙe shi, fuska biyu a wuri ɗaya su ke kawo wannan ƙyalli-ƙyallin da baƙin tabo, ka bar 'yar tazara, dama a zahiri roba ce ke zama a wurin.

Tambaya: Injiniya ina wuni. Ina aikin zanen gine-gine a Gombe, manhajar Revit nake amfani da ita. Duk sanda na sa relin gilas sai ya bar min wani gibi a ƙarshe ko a kwana, in na kai shi matakala kuma abin ya ƙara lalacewa. Na gaji da gyara wallahi.

Amsa: 'Yar uwa ba ke kaɗai bace, kusan kowa ya sha wannan. Shi Revit fallen gilas a cikin relin kallon sandar relin yake mai, wato abu mai faɗi ɗaya da ba ya canzawa, yana jera shi yana maimaitawa, in tsawon bai rabu daidai ba sai ragowar ta zauna fanko. Ko kin ce mai ya baza su su cika wurin, tazarar zai buɗa, ba gilas ɗin zai faɗaɗa ba. Abin da ni nake yi shine na bar kayan relin ɗin gaba ɗaya na ɗauki bangon gilas, wanda manhajar ta kira Curtain Wall, na sa tsayinshi milimita 1100, na ce mai kar faɗin falle ya wuce 1200, shi da kanshi zai raba su daidai wa daida, kuma daga baya zai fitar miki da jadawalin kowane falle da faɗinshi da tsayinshi wanda shi ne takardar da mai kawo gilas yake buƙata. Sai dai ki tuna a wurinshi bango ne, ki cire mai alamar iyakance ɗaki kar ya ɓata miki lissafin faɗin ɗakuna, ki kuma ba shi suna na daban don kar ya shige cikin lissafin bangaye. In ana son ƙarfen riƙewa a sama sai ki ɗora relin mara sanduna a kai.

A matakala ki gyara siffar bangon ta bi gangaren. Taki mai tsayin 150 da faɗin 300 gangarenshi wajen digiri 26 da rabi ne, gilas ɗin kuma ba mai kusurwa daidai bane, a karkace yake. Amma kin san yadda ake zuba matakala a sait ɗinmu, wannan taki 150 na gaba 170, don haka lambar kwamfuta ta nuna wa mai gida ce, ranar oda sai an je da filawud an yanka samfurin kowane falle a jikin matakalar an rubuta mai lamba.

Tambaya: Oga ni mai walda ne ina haɗawa da aikin sitenles a Jekadafari. An bani hoton gida na kwamfuta gilas tsaye a baranda ba ƙafa ba noti ba komai, na auna na yi oda, da kaya suka iso biyu sun fi wurin da kamar rabin inci, ramukan noti ma basu hau ba. Zan iya rage shi da giranda na sake huda?

Amsa: Maigida dan Allah kar ka kusance shi da giranda. In tamfad ne, kuma shi ya kamata a ce ne, an gasa shi a wuta sama da digiri 600 sannan aka huce shi da iska da sauri, wannan ne ya sa ya fi gilas na gama-gari ƙarfi wajen sau huɗu zuwa biyar, amma fatarshi a ɗaure take tamau, kana yanka ko huda zai tarwatse gaba ɗaya ya zama tsakuwa a hannunka. Yanka da huda da goge baki duk kafin gashi ake yi. Waɗannan biyun sai dai a sake oda, ko in wurin zai yarda a sassaƙe filasta a matsar da ƙafafun.

Kuma laifin ba naka bane kai kaɗai, wanda ya zana ya bar maka rabin aikin. Wannan abu yana ci min rai sosai, mutum ya fitar da hoto mai kyau gilas na tsaye a iska mai gida ya yi murna ya biya, sai a bar mai walda da tunanin yadda zai tsaya. Na taɓa zuwa wani gini a nan Bauchi na tarar an ɗaure ƙafafun relin a kan tayil da simintin da ke ƙarƙashinshi kawai, notin bai kai kankaren dekin ba, na sa hannu ɗaya na tura sai ga layin gaba ɗaya yana rawa, gidan kuma da yara ƙanana, ranar ban iya barci da kyau ba sai da aka kwance aka sake. Ka koma wurin mai zanen ka ce ya baka zanen yanki da ke nuna me ya riƙe gilas ɗin, ƙafafu ne, ko kwatar alminiyam da gilas ke zama a ciki, ko notin gefe da ke shiga goshin dekin, da nisan noti daga bakin kankare, da kaurin tayil. Awo kuma bayan an gama tayil da filasta ake yi ba kafin ba. Tsayi daga saman tayil ake ƙirgawa, a ƙa'idar Ingila milimita 1100 ne a baranda 900 a matakala, a Amurka inci 42 ne a manyan gine-gine, kuma kar a bar wata kafa da ƙwallo mai faɗin milimita 100 zai wuce, saboda kan yaro. In babu ƙarfe a sama ni ban yarda da gilas mai ninki ɗaya ba, a sa mai haɗi biyu da leda a tsakiya, irin milimita 8 da 8 da ake kira 17.52 saboda jimillar kaurinshi, ko ya fashe ledar na riƙe da gutsattsarin, ba zai zubo kan na ƙasa ba.

Tambaya: Ɗana, yarona ne ya nuna min hoton gidan da yake ginawa a Fadaman Mada da barandar gilas. Ya yi kyau amma ni hankalina bai kwanta ba, matan gida za su zauna a nan kowa na kallonsu daga titi?

Amsa: Hajiya ina gaisuwa, kuma gaskiyarki. Hotunan nan yawanci daga sama ake ɗaukarsu ko daga inda ba mai tsayawa. Ki ce ya sa mai zanen ya sauke kyamarar ta tsaya a bakin titi daidai tsayin idon mutum, ya zaunar da mutum a kujera a barandar, aikin minti kaɗan ne, sai ku ga abin da mai wucewa zai gani. Akwai gilas mai hazo da haske ke wucewa amma ba a ganin mutum, akwai kuma mai duhu, sai dai shi mai duhun da dare in an kunna fitila a ciki ana gani, a gwada miki duka biyun a hoton rana da na dare. Ki kuma tambaye shi wa zai riƙa goge bayan gilas ɗin in hunturu ya shigo da ƙurarshi, don a kwamfuta kullum a wanke yake, in hannu ba zai kai ba daga ciki gara a gina rabin ƙasa da bulo a ɗora gilas a sama.

Masu tambaya a kan manhajojin Blender da Lumion na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.