Harshen mawaƙi a wasiƙa daban yake da na waƙarsa?

Tambaya: Malam, ina nazarin adabi a jami'a. Malaminmu ya ce mu karanta wasiƙu da littattafan sirri (inda mutum ke rubuta wa kansa al'amuransa na yau da kullum) na marubuta waƙa. Me zan duba a harshensu, tunda ba don bugawa suka rubuta su ba?

Amsa: Malama, fara da sanin wanda aka rubuta wa, domin shi ke juya harshen.

John Keats na Ingila, wanda ya rasu a 1821 yana da shekara 25, ya rubuta wa ƙaninsa George da matarsa a Amurka wasiƙa guda da ya fara a Fabrairun 1819 bai rufe ta ba sai Mayu. Ga kuskuren haruffa, ga jimla ta hau kan jimla ba aya, sai ɗan gajeren layi da yake ja ya wuce. Yana cikin ba da labarin abokai sai ya jefo sabuwar waƙa ɗanya, ya tsokani kansa a kan wani baiti, ya koma hira. Da ɗan'uwa yake magana, shi ya sa ya saki jiki.

Emily Dickinson ta Amurka kuwa, wadda ta rasu a 1886, ita ce ta fi burge ni. Wasiƙunta sama da 1,000 sun tsira. Ki karanta su a bayyane, za ki ji zuben nata yana faɗawa cikin karin waƙoƙin coci, wanda da shi ta gina yawancin waƙoƙinta. Wani lokaci jimlar ƙarshe ta wasiƙa kan zarce ta zama baiti, har masana su yi ta saɓani kan inda wasiƙa ta tsaya waƙa ta fara. Kunnen da ya saba da kari ba ya ajiye aiki don an koma rubuta gaisuwa. Saboda haka ki riƙa ƙirga gaɓoɓi, ki kuma lura da siffantawar da ta fara ɓullowa a wasiƙa kafin ta shiga waƙa.

Littafin sirri kuma wani abu ne daban, don mai rubutu shi ne mai karatu. Jimla kan gutsure, umarni ya yawaita. Sylvia Plath, mawaƙiyar Amurka, takan kira kanta da "ke", ta yi wa kanta faɗa ta gindaya wa kanta dokoki, alhali wasiƙun da take aika wa mahaifiyarta cike suke da fara'a da kwantar da hankali.

A nan gida ma, Nana Asma'u ta yi wa talakawa da mata waƙa da Hausa da Fulatanci, amma saƙonninta ga malamai da Larabci ta tsara su, cikin baitoci.

Abin da nake jin tsoro a kai shi ne hannun edita. Waɗanda suka fara buga waƙoƙin Dickinson a 1890 sun gyara mata alamomin rubutu har da wasu kalmomi, sai a 1955 edita Thomas Johnson ya maido da gajerun layukan da take ja a matsayin alamar rubutu. Littafin sirrin Plath na 1982 an datse shi, cikakken abin da ya rage bai fito ba sai 2000. Kafin ki ce ga salon mawaƙi, duba shekarar bugun da ke hannunki da wanda ya tace shi, in kuma akwai hoton rubutun hannun, da shi za ki yi aiki.