Ta yaya bakteriya ke bambanta da juna?

Ɗan'uwa daga Gusau, ka tambaya: tunda bakteriya rabewa biyu kawai take yi, ta yaya wasu ke fita daban har su gagari magani? Wajen kwafar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ake samun kuskure jefi-jefi, kuma wata bakteriya mai suna E. coli na iya rabewa duk minti 20, sai kurakuran su taru da sauri. Abin da ya fi damuna shi ne suna miƙa wa juna ƙananan zobban DNA, wato filasmid, ko da jinsinsu daban ne. Wasu tsintar DNA na matattu suke yi, wasu kuma ƙwayar bairos mai shiga cikinsu ce ke kawo musu DNA ɗin. Don Allah masu kiwon kaji, ku daina zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha ba da shawarar likitan dabbobi ba. Raunana yake kashewa, masu juriya su gaje wurin.