Injin da zan so a sa wa GR86 mai zuwa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare, aiki ne ya hana ni amsawa. Ka ce idan Toyota za ta fitar da sabon zubi na GR86, ƙaramar motar wasannin nan tata, wane inji ya fi dacewa da ita: a bar mata irin na Subaru da take da shi, ko a ɗora mata ƙaramin nan mai turbo na GR Yaris, ko a mayar da ita ta lantarki. Na ga yawancin 'yan'uwa sun yi caa a kan turbo. Ni ba na tare da su, kuma dalilina daga gareji na samo shi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina kanikanci, na koya a Kano, yanzu ina wani ƙauye a bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari.

Motar nan tun da ta fito a 2012 ba a yi ta don tsere a miƙaƙƙen titi ba. Injinta na farko lita 2.0 ne, ƙarfin doki wajen 200, mai fulogi huɗu amma a kwance, biyu dama biyu hagu. Kwanciyar nan ita ke saukar da nauyin ƙasa, shi ya sa in ta shiga kwana take manne wa kwalta. Abin da masu ita suka daɗe suna ƙorafi a kai shi ne wani sanyin jiki da injin ke yi idan allurar juyin inji ta kai wajen 4,000 a minti: ka taka totur, ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta farka. Da zubi na biyu ya zo a 2021 sai aka ƙara shi zuwa lita 2.4, doki wajen 230, ƙarfin jan kuma ya riƙa zuwa tun a 3,700 maimakon sai an kai 6,000 da wani abu. Ba turbo, ba komai, an dai ƙara faɗin silinda ciwon ya warke. Motar duka nauyinta bai kai kilo 1,300 ba.

Shi wancan na GR Yaris, wallahi inji ne, ba na raina shi. Fulogi uku kacal, lita 1.6, amma a cikin GR Corolla doki 300 yake bayarwa. Sai dai ka tambayi kanka ta ina ƙaramin abu haka ya samo wannan ƙarfin. Turbo fanka ce guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin salansa ne ke juya ta ɗaya, ɗayar kuma tana danna iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a cikin zafin hayaƙin da yake kaiwa digiri ɗaruruwa, kuma a yawancin turbo ba abin da ke tsakaninta da ƙarfen da take kwance a kai sai ɗan siririn bakin mai. A ƙasar da ake da sanyi da fetur mai kyau da bakin mai na asali, wannan ba matsala ba ce. Mu fa a watan Afrilu ma'aunin zafi yana wuce 40 a inuwa.

Shekaru biyu da suka wuce, dab da azumi, wani yaro ɗan gidan wani Alhaji ya zo biki ƙauyenmu da wata mota ta Turai mai turbo, ja, sai ƙyalli take. Ya taso daga Kano da azahar, ya ba ta wuta har ya iso, ya sauka kwalta ya bi burji, yana zuwa ƙofar gidan biki ya kashe ta nan take saboda a ga shigowarsa. Da yamma abokan ango suka hau wasan mota a filin makaranta. Mai ya ƙare, aka aika yaro wajen 'yan bumburutu ya sayo galan biyu. Washegari da hantsi sai ga su suna turo ta, shuɗin hayaƙi yana fita ta baya kamar an kunna bola.

Da na cire bututun iska na sa yatsa na taɓa fankar, sai na ji tana lilo, ta har fara cin jikin gidanta. Na kwance siririn bututun da ke kai mata bakin mai, na busa, iska ta ƙi wucewa. Na zura waya sai ga baƙin abu yana fitowa ɓaro-ɓaro, sak ƙanzon tuwo da ya kwana a gindin tukunya. Man ne ya soye a ciki, domin an kashe injin turbo tana jajir, famfo ya tsaya, man da ya rage a wurin ya dahu. Ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar turbo kuwa, wanda yake can ƙasa bayan bamba, ƙura da ƙaiƙayin gero sun toshe shi kamar an yaɓe shi da laka. Fulogi biyu bakinsu ya ci, alamar man galan ɗin nan ya sa injin ya yi ta ƙwanƙwasa. Kwana tara motar ta yi a ƙarƙashin darbejiyata. A Ƙofar Ruwa ba a samu irin turbon ba, sai daga Legas aka saƙo ta a motar dare, ita ma ta hannu ce. Yaron a motar haya ya koma, Golf mai ɗaukar mutum biyu a gaba.

Za ka ce laifin direba ne, kuma gaskiya ne. Sababbin injina ma da yawa suna da ɗan famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe. Amma ni mota nake auna wa da irin mutanen da za su riƙe ta bayan shekara goma, lokacin da za ta iso mana ta Kwatano, ta wuce hannu uku. Inji marar turbo yana yafe kuskure. Shi ma na lita 2.4 ɗin nan yana son fetur mai kyau, kada in ruɗe ka, amma in ya sha gurɓatacce kwamfutarsa takan ja da baya, ƙarfi ya ragu, ka isa gida. Mai turbo da aka matse doki 300 daga lita 1.6, tazarar da ke tsakanin raguwar ƙarfi da fashewar fistan ba ta da yawa.

Akwai kuma abin da lissafin doki ba ya nunawa. A kwana, ƙafarka ce ke tuƙa mota mai ja da tayoyin baya kamar yadda sitiyari ke yi. Marar turbo daidai abin da ka taka shi za ta ba ka, a daidai lokacin. Duk wanda ya taɓa hawan doki mai jin linzami ya san abin da nake nufi. Porsche da kanta a 2016 ta cire mai fulogi shida daga Cayman da Boxster ta sa mai huɗu da turbo. Motar ta ƙara gudu, amma masu saye suka yi ta gunaguni a kan ƙara da ɗanɗanon tuƙi, har kamfanin ya dawo da mai shida marar turbo, lita 4.0, a manyan samfuran. Mazda MX-5 kuwa tun 1989 take sayuwa, ta yanzu dokinta bai kai 190 ba, rashin nauyi ne jarinta.

Lantarki zalla ba zan daɗe a kai ba. Batir nauyi ne, nauyi kuma shi ne abokin gabar irin wannan mota, ga mu nan taransifomar garinmu tana iya yin wata biyu a lalace. Haɗin fetur da lantarki ya fi kusa da hankali, Toyota ta ƙware a kai tun Prius ta 1997. Amma a duba Mercedes-AMG C63 da aka cire wa V8 mai fulogi takwas aka sa mai fulogi huɗu da batir: doki ya haura 670, nauyi ya wuce tan biyu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wani daga cikin 'yan'uwa ya ambaci V6, wato inji mai fulogi shida, kuma ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Injin 2GR, lita 3.5, wanda ke cikin Camry mai fulogi shida da Highlander da RX350, shi ne Lotus ta Ingila ta ɗauka ta ɗora wa abin danna iska mai aiki da bel, ta sa a Evora da Emira, doki 400. Injin da yarana za su kwance su ɗaure ido a rufe, kayansa kuma ko'ina akwai. Amma Lotus a tsakiya take ajiye shi, bayan direba. In ka dasa shi a hancin GR86 ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, gaba zai yi nauyi, kwanar da ake son motar dominta ta tafi. Wannan sai mota irin Supra.

Don haka in ni za a tambaya: a bar mata mai fulogi huɗu marar turbo, lita 2.4 ko 2.5, a ɗan ƙara masa numfashi ya kai doki 250. A bar tsarin nozul biyu ɗin nan da yake da shi, ɗaya cikin silinda ɗaya a bakin bawul, saboda na bakin bawul ɗin yana wanke dattin da ke taruwa a wurin. A ƙara girman lagireto da abin sanyaya bakin mai tun daga kamfani, a bar giyar hannu mai shida da kuloci. In akwai kuɗin da ya rage, a kashe shi wajen rage kilo hamsin. Roƙona ɗaya ga masu zana ta, su bar wa hannu hanya zuwa fulogi. Duk bakaniken da ya taɓa canza fulogin Subaru ya san yadda bayan hannu ke saɓulewa tsakanin inji da bodi.

Ka kuma sani, ƙanena, tsakanin cikinta da ƙasa santimita 13 ne kawai. Ko wane inji aka sa mata, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari in manyan motocin shanu suka tura ka gefen hanya, rairayi ne zai karɓe ka. Turbon jar motar nan tana nan a garejina, da ita muke tokare ƙofar shago in iska ta taso. In ka biyo ta nan ka tsaya ka sa yatsa ka ji yadda take lilo.