Tankin Taki Ya Fara Tsatsa: Me Za A Shafa Masa A Ciki?

Wani manomin tumatir daga Kadawa ya aiko da tambaya: "Malam, ina da tankin ƙarfe da nake jiƙa takin zamani a ciki in tura ta tiyon ban-ruwa. Yanzu ruwan yana fitowa ja, yana toshe mini ƙofofin tiyo. Mai gyara ya ce zai shiga ya shafe cikin da gam ɗin faiba. Ya dace?"

Alhaji, jan nan tsatsa ce. Ruwan taki, musamman mai amoniya ko fotash, cin ƙarfe yake yi a hankali har ya huda shi. Shafe cikin dabara ce mai kyau, amma ban yarda a tura mutum cikin tanki da gam ɗin faiba na yau da kullum ba.

Warin nan mai hawa kai da ake ji a wurin masu aikin faiba na wani sinadari ne, sitairin, wanda yakan kai kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari na gam ɗin. Tururinsa ya ninka iska nauyi fiye da sau uku, don haka a gindin tanki yake kwanciya, daidai inda mai aiki ke tsugune. Na taɓa ganin wani yaro ya fito daga irin wannan aiki ido jajur, ya riƙe bakin tanki yana tangaɗi, ya kasa amsa sallama. Kuma da zafi ya kai digiri 31, ƙyas ɗaya ya isa tururin ya kama wuta, balle tankin da ya wuni cikin ranar bazara. A 2018 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Faransa ta sa sitairin cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar.

Ka nemi fentin ifoksi mai gwangwani biyu da ake haɗawa kafin a shafa, wanda aka yi don cikin tanki, ba a sirka shi da tina. In kana wanke tiyo da asid, ka tambayi nau'in da ake kira nobolak, ya fi jurewa. Kada ka saya sai mai shago ya nuna maka takardar kamfanin, ka ga sunan takin da kake zubawa cikin abin da fentin ke ɗauka. Shi ma yana da nasa haɗarin: gwangwani na biyu yana ƙona fata, sai da safar hannu, fanka tana tura iska, mutum ɗaya kuma yana tsaye a bakin tanki.

Inda aka fi asara shi ne wajen shiri. A gama walda tukuna. A wanke gishirin takin tas da ruwa mai kyau, don in ya rage ƙarƙashin fenti zai ja danshi, fentin ya yi bororo ya ɓantare. A kankare har ƙarfen ya fito fari da kaushi, a shafa a ranar, ban da safiyar raɓa ko yinin da ƙurar hunturu ta taso. A riƙa kwaɓawa kaɗan-kaɗan; da zafin nan namu, in ka ji gwangwanin ya ɗumama a hannu ya kusa daskarewa. Sannan a ba shi kamar kwana bakwai kafin a zuba taki.

Gaskiya in tankin ƙarami ne, ka lissafa kuɗin duk wannan. Sau da yawa tankin roba ya fi sauƙi, taki ba ya cinsa.

Wata baiwar Allah mai kiwon kaji kuma ta tambaya ko tankin da aka ajiye maganin ciyawa, in an yi masa wannan fenti, zai yi ruwan sha na kaji. Hajiya, a'a. Maganin yana maƙalewa a layin walda da bakin famfo, fenti kuma yana tsagewa wata rana. Ki bar shi wa ruwan feshi, ki rubuta masa alama da jan fenti a jiki, kaji a saya musu sabo.