Ƙwaƙwalwata ce ba ta ja, ko koyon ne ban iya ba?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matashi ne daga Mabera nan Sakkwato, ina son waƙar fada sosai, na cika waya da waƙoƙi amma in na hardace yau gobe sun tsere. Mi za ni yi?

Amsa: Ƙanena ƙwaƙwalwarka lafiya lau, hanyar ce ka kuskure. Makaɗan fada ba sa farawa da hadda, amshi suke farawa da shi. Dankwairo ma sai da ya daɗe yana yi wa mahaifinsa da wansa amshi kafin ya ja ƙungiya. Ɗan amshi gindin waƙa, wato layin da ake ta komawa kansa, yake ta maimaitawa har ya zauna masa a baki, sannan ɗiyan waƙa, wato baitocinta, su biyo ɗaya bayan ɗaya, kiɗan kotso kuma shi ke tuna masa inda kalma za ta faɗa, shi ya sa kai da kake hadda shiru a ɗaki kake shan wahala. Gwanintar kuwa tana zuwa ne in ka tara kirari da asalin gidajen sarauta da habaici, har ka iya ɗora sabon ɗa nan take. Waya dai ba za ta gaya maka in ka karya karin waƙa ba. Ka nemi makaɗi ka bi shi.